Kiwon Turke da Ƙaramin Garke a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci kiwon shanu, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne Bafulatani da sandarsa, yana biye da garke yana ratsa daji. Amma a cikin garuruwa da ƙauyukan Hausa akwai wani kiwon dabam, wanda manomi ko mahauci ko ɗan kasuwa ko matar aure suke yi a bayan gida, da shanun da yawansu bai wuce biyu zuwa goma ba. Manufar irin wannan kiwo nama ce, watau a ciyar da dabba har ta yi ƙiba a sayar wa mahauta ko masu layya. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake tafiyar da shi yau da kullum, tun daga zaɓen dabba har zuwa fitar da ita kasuwa, tare da kalmomin da masu sana'ar suke amfani da su. Dalilin kula da kalmomin kuwa shi ne, a cikinsu ne ilmin sana'ar yake ajiye, kuma yawancinsu sun fara ɓace wa matasan birni.

2.0 Iri-iren ƙaramin kiwo

Ƙaramin mai shanu yakan bi ɗayan hanyoyi uku. Ta farko ita ce kiwon turke. Turke shi ne guntun icen da ake kafawa a ƙasa a ɗaure dabba, kuma daga gare shi aka sami aikatau "turka" ko "turke". San da aka turke ba ya fita kiwo, ci da sha duk kawo masa ake yi, har tsawon wata uku ko huɗu. Kalmar ta yi nisa a harshen har ta shiga fagen nazarin adabi, inda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi amfani da "turke" a ma'anar jigon waƙar baka, wato abin da waƙa take ɗaure a kansa tana kewayawa.

Hanya ta biyu ita ce ajiye 'yan shanu mata da bijimi guda domin haihuwa. Yara sukan fita da su bayan gari da hantsi su dawo da la'asar, a riƙa cire maruƙa maza ana turkewa idan sun tasa. Wannan hanya tana bukatar haƙuri, domin cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, kuma a kiwon gargajiya karsana ba ta cika yin haihuwar fari ba sai ta kai shekara huɗu ko biyar, sa'an nan tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kusa kai shekara biyu.

Hanya ta uku ita ce ba da kiwo. Bahaushe yakan sayi saniya ya damƙa wa Bafulatanin da ya amince da shi, makiyayi ya sha nono, mai dabba ya sami 'ya'ya, bisa sharuɗɗan da suka shirya a tsakaninsu. Wannan ita ce tsohuwar hanyar ajiyar dukiya ta attajirai da sarakuna, kuma a kan amana kaɗai take tsaye.

Akwai kuma shanun huɗa. Tun da Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoma noma da garmar shanu wajen ƙarshen shekarun 1920, sai ya zama al'ada manomi ya yi aiki da shanunsa 'yan shekaru, idan sun cika girma ya turke su bayan kaka, ya sayar, ya sayi ƙanana guda biyu ya riƙe ragowar kuɗin. Ta haka noma da kiwo suka zama sana'a guda a gidaje da yawa.

3.0 Sunaye da zaɓen dabba

Hausa ta bambanta shanu ta fuskar jinsi da shekaru da aiki. Namiji sa ne, mace saniya, ƙarami maraƙi ko maraƙa. Karsana ita ce budurwar saniya wadda ba ta haihu ba, guzuma kuwa tsohuwa. Bijimi shi ne ƙasaitaccen namiji, furtumi wanda aka fiɗiye, takarkari wanda ake ɗora wa kaya. An aro "nagge" daga Fulatanci, har ana yi mata kirari da "nagge daɗi goma".

Sunayen iri ma galibinsu daga Fulatanci suka zo, kamar yadda ɗafa-ƙeyar jam'i ta "-ji" take nunawa. Bunaji su ne fararen nan masu baƙin kunne da baƙin hanci, kuma su suka fi kowane iri yawa a Nijeriya. Rahaji jajaye ne masu dogon ƙaho da dogayen ƙafafu, gwanayen tafiya, amma ba su cika son zaman turke ba. Bokoloji, waɗanda ake kira Gudalin Sakkwato, suna da gajeren ƙaho da cikar jiki da sanyin hali, shi ya sa masu turke suke son su ƙwarai. A Jamhuriyar Nijar akwai Azawak, irin da tashar kiwo ta Tukunus ta daɗe tana renonsa, sai kuma Gudalin Adamawa a gabas.

Mai sayen san turke yana neman dabba mai babban ƙashi wadda ta rame saboda yunwa, domin ita ce za ta mayar da jiki da sauri idan ta sami abinci. Wadda ta rame saboda cuta kuwa asara ce, ko da an ba da ita a rabin kuɗi, ai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Hanyar rarrabewa ita ce duba ido da hanci da gashi da kashi. Lafiyayyen sa idonsa garau yake, hancinsa da danshi, yana tuƙa idan ya kwanta, ba ya tari, ba ya zawo, ba ya ɗingishi. Kumburi a ƙarƙashin haɓa alama ce ta tsutsar ciki ko ciwon hanta.

Shekaru kuwa a baki ake karanta su. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne gare su a ƙasa. Famfarar biyun tsakiya takan zo wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, daga nan a ci gaba biyu-biyu har baki ya cika wajen shekara biyar. San da ke tsakanin shekara uku da biyar shi ya fi dacewa da turke. Ƙaramin maraƙi abincinsa a girma yake tafiya kafin ƙiba, tsohon da haƙoransa suka cinye kuma ba ya iya ci sosai.

4.0 Wurin kwana

Ba a bukatar babban gini. Abin da ake so shi ne wuri mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, da rumfar kara ko ta kwano ko inuwar itace, da katanga ko shinge mai ƙofa guda. Kowane sa da turkensa, a bar tazarar da ɗaya ba zai kai wa ɗaya ƙaho ba. Igiya ta zama mai tsawon da dabba za ta kwanta ta tashi ba wahala, ƙullin wuya kuma kada ya zama zarge, domin sa yakan shaƙe kansa cikin dare. Maruƙa a dangwali ake jera su, watau doguwar igiya mai hannuwa da yawa. Komin abinci, na ice ne ko rabin duro, a ɗaga shi kaɗan daga ƙasa don kada a tattake abin da ke ciki.

Shara ta kullum wajibi ce, musamman da damina, domin tsayuwa cikin caɓi tana ruɓar da kofato tana kuma tara ƙuda. Abin da aka share ɗin ma dukiya ne. Akan tara shi a gefe har rani, a kwashe a mangala ko amalanke zuwa gona. A karkarar Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, takin gida yana cikin abubuwan da suka riƙe ƙarfin ƙasa tun zamanin da.

5.0 Ci da sha

A nan ne riba ko faɗuwa take. Sa yakan ci busasshen abinci da ya kai kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyin jikinsa a kowace rana. Wato sa mai nauyin kilo 250 yana bukatar fiye da kilo 6 a yini. A kwana 100 ya ci fiye da kilo 600 ke nan, shanu huɗu kuma sun tasam ma kilo 2,500. Wanda ya kashe duk jarinsa wajen sayen dabbobi bai yi wannan lissafi ba, shi ne akan ga ya fitar da su kasuwa a wata na biyu ba su yi ƙiba ba, ya sayar a yadda aka taya. Saboda haka ƙa'idar masu sana'ar ita ce a tanadi abinci kafin a sayi baki.

Lokacin tanadi kaka ne. A sa'an nan ake ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan soro ko rumfa ko reshen itace, a tara karan dawa da na gero, da kowar wake da ƙaiƙayi. Harawar da aka busar a inuwa ta riƙe korenta da ganyenta ta fi wadda rana ta ƙone amfani nesa ba kusa ba. Ciyawa irin su kyasuwa da harkiya da gamba da gadagi, idan aka yanke su kafin su tsufa aka shanya, suna ajiyuwa har bazara. Kara kuwa sai an daddatsa shi ƙanana, in ba haka ba sa zai cinye ganyen ya bar sandar.

Waɗannan duk cika ciki ne. Abin da ke kawo ƙiba shi ne dusa, ta masara ko ta dawa ko ta gero ko ta alkama, da kuma anguryar auduga ko tunkuzar da ta rage bayan an matse mai. Akan jiƙa dusa da ruwa a barbaɗa gishiri ko 'yar kanwa, a ba da safe da yamma. Gawo ma yana taimakawa, domin shi itace ne mai fitar da ganye da rani ya zubar da damina, kuma 'ya'yansa abinci ne mai ƙarfi a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Idan abinci ya wadata, sa yakan ƙara daga rabin kilo zuwa kusan kilo guda a rana.

Akwai haɗurra huɗu da suke kashe shanun turke ta hanyar baki. Na farko, a cika wa sabon sa dusa ko hatsi tun ranar farko. Tumbinsa ya saba da ciyawa, don haka tsami yakan yi masa yawa, ciki ya kumbura, ya daina ci, wani sa'in ya mutu. Maganin wannan shi ne a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa har mako biyu. Na biyu, gyauron dawa, watau tohon da ke fitowa bayan an yanke kara ko ƙaramar dawar da fari ya kama, yana ɗauke da guba mai kisa nan take. Na uku, takin zamani da aka ajiye inda dabba za ta kai baki. Na huɗu kuwa leda, wadda ta zama annoba ga shanun da ke yawo a juji, tana taruwa a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ba a san dalili ba sai an yanka.

Ruwa kuma, babban sa yakan sha wajen garwa biyu a rana lokacin zafin bazara. Mai shanu huɗu yana bukatar garwa takwas kullum, kuma idan saye yake yi a wurin 'yan garuwa, dole kuɗin su shiga lissafi. San da bai ƙoshi da ruwa ba ba ya cin busasshen abinci yadda ya kamata.

6.0 Cututtuka da rigakafi

Tarihin kiwo a wannan ƙasa yana da tabon bushiya. Ta shafe garkuna a farkon shekarun 1890, aka yi mata gangamin allura na ƙasashen Afirka wanda aka fara a yankin Tafkin Chadi a 1962, ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983, kafin a bayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Sauran cututtukan suna nan. Akwai ciwon huhu mai yaɗuwa ta numfashi, da ciwon baki da kofato, da harbin daji wanda yakan kama ƙosassun matasan shanu ya kumbura musu cinya ko kafaɗa, da saifa, da sammore wanda ƙudan tsando yake kawowa, da kirci mai ɓata fata da damina, da ciwon hanta da ake ɗauka a fadamu da bakin tafki. Kaska ma ban da shan jini tana ɗauke da cututtukan kanta.

Ga mai shanu biyar, mutuwar ɗaya asarar kashi ashirin cikin ɗari ce ta jarinsa, don haka karin maganar nan ta rigakafi ya fi magani ta fi kama shi a kan mai babban garke. Abu na farko shi ne ware sabuwar dabba. Duk san da aka sayo daga kasuwa a ɗaure shi nesa da sauran har mako biyu ko uku, da kominsa dabam. Na biyu, a ba shi maganin tsutsa da na hanta, a kuma kashe masa kaska tun shigowarsa, domin ciyar da sa mai tsutsa ciyar da tsutsa ne. Na uku, a nemi malamin dabbobi ya yi allurar huhu da ta harbin daji da ta saifa a kan lokaci. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ita ce take sarrafa irin waɗannan allurai a Nijeriya, yayin da cibiyar Shika ta Jami'ar Ahmadu Bello take bincike a kan iri da abinci.

Masu kiwo suna da magungunansu na gargajiya, kamar saƙesaƙin maɗaci da ake jiƙawa domin tsutsar ciki. Amma akwai wurare biyu da lafiyar mutane ta shiga ciki, waɗanda ba su karɓar sassauci. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta dubura, ana zaton saifa ce, kuma saifa tana kama mutum. Ba a feɗe ta, ba a cin namanta ko da an riski yankanta, sai a binne ta da zurfi a sanar da ma'aikatan dabbobi. Haka kuma dabbar da aka yi wa allurar magani ba a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika, domin ragowar maganin tana zama a cikin naman.

7.0 Ciniki

Kasuwar shanu ana kiranta kara, a wasu wurare kuma tike. Cikin manyanta akwai Maigatari mai ci ran Alhamis, da Wudil mai ci ran Juma'a, da Potiskum da Mai'aduwa da Illela da Mubi. Ba a awo a sikeli, da ido ake ciniki. Mai saye yakan dubi tozo da ƙirji da cinya, ya danna gindin wutsiya da haƙarƙari, ya ƙiyasta naman da zai samu, wanda yakan kama kusan rabin nauyin dabba tana raye. Dillali ne yake tsakani. Ana tayi yana cewa albarka, har a kai inda mai dabba zai sallama, shi kuma ya karɓi la'adarsa. Aikinsa bai tsaya nan ba, domin shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce. Daga waɗannan kasuwanni ake loda shanu zuwa kudu, fataucin da Abner Cohen ya yi nazarinsa a unguwar Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969.

Lokacin sayarwa da ya fi kowane tsada shi ne gabanin Babbar Salla, sai kuma ƙaramar Salla, lokacin da jama'a suke haɗa kuɗi su yi watanda. Mai nufin masu layya sai ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya sa ba ya isa layya sai ya cika shekara uku ya shiga ta huɗu, kuma ba a yi da mai ido ɗaya ko gurgu ko majinyaci ko ramamme. Akwai kuma wani lissafin. Shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka Salla tana kewaya yanayin shekara. Daga 2023 zuwa 2025 Babbar Salla a watan Yuni ta faɗo, wanda ya sa watannin turke suka dace da bazara, lokacin da shanu suke araha a hannun makiyaya amma harawa da dusa suke tsada matuƙa. A irin waɗannan shekaru wanda ya tanadi abinci tun kaka shi ne ya ci riba biyu.

Game da zakka, nisabin shanu talatin ne, don haka ƙaramin garke bai kai ba. Sai dai kuɗin da aka samu bayan sayarwa suna shiga lissafin zakkar dukiya idan sharuɗɗanta sun cika.

8.0 Halin da ake ciki

Abubuwa biyu sun sauya wa wannan kiwo fuska. Na farko shi ne ƙuncin ƙasa. Gonaki da gine-gine sun cinye burtali da makiyaya da mashaya a wurare da yawa, duk da dokar keɓe wuraren kiwo da Jihar Arewa ta yi a 1965. Na biyu shi ne satar shanu da ta'addancin daji, waɗanda suka addabi Zamfara da Katsina da Kaduna da maƙwabtansu tun daga shekarun 2010. Sun raunana al'adar ba da kiwo, domin mai dukiya ba ya sakin jiki ya tura ta daji, sun kuma raba manoma da yawa da shanun huɗarsu. Sakamakon haka kiwo yana ta komowa cikin gida, karan da a da ake bar wa makiyayi kyauta a gona domin ya zuba taki ya zama abin sayarwa. Muhawarar killace shanu da ake yi a ƙasa, wadda ta kai ga kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, tana magana ne a kan abin da ƙaramin mai turke ya daɗe da saninsa, watau cewa dabbar da aka hana yawo sai an ɗauki nauyin cinta da shanta da lafiyarta gaba ɗaya.

9.0 Kammalawa

An ga cewa kiwon ƙaramin garke ya dogara ne a kan zaɓen dabba mai lafiya da shekarun da suka dace, da tanadin abinci tun kaka, da rigakafi, da sanin lokacin fita kasuwa. An kuma ga cewa kowane mataki yana da kalmominsa, wasu na Hausa tsantsa, wasu aro daga Fulatanci, abin da ke nuna daɗewar cuɗanyar al'ummomin biyu. Waɗannan kalmomi suna bambanta daga karin harshe zuwa karin harshe, kuma waɗanda suka fi saninsu dattawan dillalai ne da mahauta da makiyaya. Ya kamata ɗaliban harshe su shiga kara da kwata su tattara su daga bakin masu su, a Sakkwato da Katsina da Kano da Damagaram, domin masu rubuta littattafan aikin gona da masu fassara bayanan malaman dabbobi su sami abin da za su yi wa mai kiwo magana da shi a harshen da yake ji.